Dokar Wutar Lantarki ta 2023: me ta ce kan iskar gas da hasken rana?

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Wutar Lantarki, wadda ta maye gurbin ta 2005. Wata uku kafin nan Muhammadu Buhari ya amince da gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar babban layi daga tashoshin iskar gas take fitowa, irin su Egbin a Legas, akasarinsu a Kudu. Ragowar daga madatsun ruwa ne, irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Gas yana da ranarsa: Allah ya hore mana shi, injinsa kuma bai san dare ko damina ba. Sai dai kafin wutar ta iso Kano ko Maiduguri, ta sha doguwar tafiya a kan turaku. A watan Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, wanda ke bi ta Makurɗi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta fi mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da teloli da masu walda suka koma kan janareto, ga fetur ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi, ga hayaƙi da ƙara.

A nan dokar ta buɗe ƙofa. Ta ce mutum zai iya kafa tashar da ba ta wuce megawat 1 ba a wuri guda, ko ya rarraba wutar da ba ta wuce kilowat 100 ba, ba tare da lasisi ba. Ke nan ƙungiyar 'yan kasuwa ko wani mai jari zai iya shimfiɗa faifan sola a rufin shaguna, ya ja waya, ya sayar wa maƙwabta, muddin ya bi ƙa'idojin NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, kan ƙananan tashoshi. An ga irin wannan a kasuwar Sabon Gari ta Kano tun kafin dokar. Haka nan ta ɗora wa NERC nauyin ƙayyade wa kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa wani kaso da dole ya fito daga rana ko iska ko ruwa. Ba ta hana gas ba, ba ta kuma sa ranar daina amfani da shi ba.

Kada dai a ɗauka sola kyauta ce don rana kyauta ce. Da magariba faifai ya tashi daga aiki, sai batir, batirin kuwa yakan lashe kaso mai tsoka na kuɗin, kuma bayan 'yan shekaru sai an sauya shi. Kayan daga waje ake shigo da yawancinsu, farashinsu na bin dala. Lokacin hunturu ƙura kan lulluɓe faifan har wutar ta ragu, sai an bi shi da tsumma da ruwa. Masana'antar da injinanta ke kwana suna aiki a unguwannin masana'antu na Sharaɗa ko Challawa a Kano ba za ta dogara da rana kaɗai ba tukuna.

Babban sharaɗin yana hannun gwamnoni. Jiha ba ta karɓar ragama sai majalisarta ta yi doka, ta kafa hukumar kula da wuta, ta sanar da NERC. Enugu da Ekiti da Ondo suka fara a 2024, daga baya Neja da Filato suka bi sahu. Inda ba a yi haka ba, farashi da lasisi suna nan a hannun Abuja, kuma ko jihar da ta karɓa ba ta da hurumin wutar da ta tsallaka iyakarta.