Na'urar DAC da kayan sauraron sautin dijital a gida

DAC na'ura ce da ke karɓar sautin da aka adana da lambobi, ta mayar da shi wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda amfilifaya za ta ƙarfafa ta miƙa wa lasifika. Tana cikin kowace wayar hannu, kwamfuta, talabijin da na'urar CD, ana kuma sayar da ita a akwatinta ita kaɗai. Ɓangaren dijital na kayan sautin gida kashi biyu ne: abin da ke karanto lambobin daga faifai, kwamfuta ko intanet, da kuma DAC ɗin da ke sauya su.

Tarihi

Tushen abin shi ne hanyar PCM, wadda Alec Reeves, injiniya ɗan Ingila, ya ƙirƙiro wajen 1937 domin layukan tarho. Ana auna tsayin igiyar sauti sau da yawa a daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. An daɗe kafin a samu kayan da za su iya aikin da arha. A farkon shekarun 1970 kamfanin Denon na Japan ya soma ɗaukar kiɗa ta wannan hanya.

A 1980 Philips da Sony suka daidaita kan ƙa'idar faifan CD: awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo bit 16 (bit shi ne lamba ɗaya ta dijital, 0 ko 1), tashoshi biyu, hagu da dama. Adadin 44,100 ya samo asali ne daga na'urorin kaset ɗin bidiyo da ake adana sautin dijital a kansu a lokacin. Sony CDP-101 ta fito a Japan a Oktoban 1982. Philips kuwa ta riga ta ƙera DAC mai bit 14, don haka ta ninka yawan awon sau huɗu a cikin na'urarta domin cike giɓin, dabarar da kusan kowa ya ɗauka daga baya. Da yawa daga DAC na farko jerin resisto ne ke aiki a cikinsu. Daga ƙarshen shekarun 1980 nau'in delta-sigma, mai aiki da bit kaɗan da awo masu yawa ƙwarai, ya bazu, shi ne ya fi yawa a yau. Faifan SACD, mai yawan awo fiye da CD, ya zo a 1999, tsarin FLAC na matse fayil ɗin sauti ba tare da asara ba a 2001.

Ma'anar lambobin

Yawan awo shi ke ƙayyade sirantar sautin da za a iya adanawa, wato rabin adadin. CD na kaiwa kusan kHz 22 (kHz ɗaya shi ne kaɗawar igiyar sauti sau dubu a daƙiƙa), kunnen matashi mai lafiya kuma yana tsayawa wajen kHz 20. Kowane bit yana ba da kusan desibel 6 na tazara tsakanin shiru da ƙara, bit 16 ke nan kusan desibel 96. Bit 24 a lissafi 144 ne, amma babu na'urar da ke kaiwa nan saboda hayaniyar kayan lantarkin kanta.

Hanyoyin haɗawa

S/PDIF, hanyar aika sautin dijital daga na'ura zuwa DAC, na zuwa iri biyu. Na waya yana buƙatar waya mai ohm 75. Wayar RCA ta sauti takan yi aiki in gajeruwa ce, in ta yi tsawo sai sauti ya riƙa yankewa. Na haske, wato TOSLINK na Toshiba, galibi yana tsayawa a kHz 96, amma ba ya haɗa wutar na'urorin biyu. AES/EBU waya ce mai ohm 110 da kan XLR mai ƙafa uku. A USB, DAC na zamani ita ke riƙe da agogo, tana jan lambobin yadda take buƙata, abin da ya rage tangarɗar lokaci sosai. Bluetooth na matse sauti kafin ya aika.

Matsalolin da aka saba gani

Gurnani mai kauri daga lasifika, na Hz 50 ko 60 gwargwadon wutar ƙasar, yakan taso idan kwamfuta da amfilifaya suna da hanyoyin wayar ƙasa (earth) biyu. Maganinsa a jona su a soket ɗaya, ko a koma wayar haske. Idan aka haɗa talabijin da DAC aka ji shiru ko wata tsuwa mai ƙarfi, talabijin ɗin na aika Dolby Digital ne, tsarin sauti mai tashoshi da yawa, wanda DAC mai tashoshi biyu ba ta fassarawa. Sai a shiga saitinsa a zaɓi PCM. Ba a taɓa jona DAC a ramin amfilifaya da aka tanada wa garmaho: DAC na fitar da kusan volt 2, ramin kuwa na jiran 'yan milivolt, sautin zai fashe. Kwamfuta kuma takan sauya yawan awo da kanta sai an ba manhajar waƙa ikon riƙe DAC ɗin ita kaɗai. Tsohuwar na'urar CD da ke tsallake waƙa yawanci idon laser ɗinta ne ya yi ƙura ko ya gaji, sabuwar DAC ba za ta gyara wannan ba.

Zaɓi da sauyawa

Ana farawa da ƙirga ramukan da ake buƙata, a duba ko amfilifayar na karɓar RCA ko XLR. Na'urar CD mai lafiya da ke da mafitar dijital ba sai an jefar da ita ba, ana iya barinta tana karanta faifai sabuwar DAC na sauyawa. Wajen gwada DAC biyu dole a daidaita ƙararsu da mita, domin wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke ɗauka ta fi daɗi. Sauya lasifika ko matsar da su daga bango yakan canza sauti fiye da sauya DAC.

Saɓani

Ana jayayya kan ko fayil mai kHz 96 ko 192 ya fi CD a kunne, haka nan kan wayoyin USB masu tsada. Masu dogaro da awo da gwajin rufe ido na cewa bambancin kaɗan ne ko babu, wasu masu sauraro na cewa suna jinsa.