Waiwaye Kan Labaran Haɗuwar Farko da Baƙin Sama

Tun kafin ɗan Adam ya harba kumbo ko guda, marubuta sun daɗe suna tambayar abin da zai faru ranar da mutum ya yi ido huɗu da wata halitta mai hankali wadda ba a wannan duniya aka haife ta ba. A ƙarni na 2 Miladiyya, Lucian mutumin Samosata ya rubuta da harshen Girka labarin wasu matafiya da guguwa ta suri jirgin ruwansu ta dire su a kan wata, inda suka tarar da sarkin wata da sarkin rana suna gwabza yaƙi. Japanawa suna da tatsuniyar Kaguya, yarinyar da wani tsoho ya tsinta a cikin gora, wadda daga baya mutanen wata suka sauko suka tafi da abarsu. A 1752 kuma Voltaire na Faransa ya kawo wani ƙato daga tauraron Sirius ya zo kallon 'yan Adam. Sai dai waɗannan ba kimiyya ce ta dame su ba, domin Lucian maƙaryatan marubuta tarihi yake yi wa ba'a, Voltaire kuma girman kan masana yake zolaya.

Abin da ya mayar da zancen na gaske ya haɗa da wata tangarɗar fassara. A 1877 masanin taurari ɗan Italiya Giovanni Schiaparelli ya hango wasu layuka a fuskar duniyar Mars, ya kira su canali, kalmar da a harshensa za ta iya nufin kowace irin hanyar ruwa, har da wadda ruwa ya yi wa kansa. Da aka juya ta zuwa Ingilishi sai aka zaɓi kalmar da ke nufin magudanar da aka haƙa da hannu, kuma inda aka yi haƙa dole akwai mai haƙa. Percival Lowell ya gina wurin duban taurari a jihar Arizona ta Amurka a 1894 ya duƙufa kan zana waɗannan magudanai, jama'a kuma suka fara ɗauka cewa muna da maƙwabta.

A 1897 labarai biyu suka fito kan zuwan mutanen Mars, ɗaya a Ingila ɗaya a Jamus. Na H.G. Wells, The War of the Worlds, shi ne duniya ta fi sani: baƙi suka sauka kusa da garin Woking, suka yi wa sojojin daular da ta fi kowace ƙarfi a lokacin kaca-kaca, ba su nemi magana da kowa ba, kuma a ƙarshe ƙwayoyin cuta ne suka kashe su, ba bindiga ba. Tun a babin farko Wells ya tunatar da mai karatu yadda Turawa suka ƙarar da 'yan asalin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, wato dai ya sa Bature ya ɗanɗani zama wanda aka zo wa. Kurd Lasswitz na Jamus, a littafinsa Auf zwei Planeten, ya bi wata hanyar. Baƙinsa sun fi mutane ilmi da ɗabi'a, sun zo da niyyar koyarwa, amma da suka karɓi ragamar duniya sai mulki ya lalata su. A ganina na Lasswitz ya fi kusa da yadda mulkin mallaka yake bayyana kansa, tunda babu mai mamaya da ke cewa cin zali ya kawo shi.

Zamanin Yaƙin Cacar Baka ya haifar da muhawarar da ta fi kowace fitowa fili. A 1945 Ba'amurke Murray Leinster ya buga gajeren labarinsa First Contact, inda kumbon 'yan Adam da na baƙi suka yi kiciɓis a can cikin sararin samaniya. Babu mai son faɗa a cikinsu, amma kowa yana tsoron ya juya gida ɗayan ya bi sawunsa ya gano inda duniyarsa take. Mafitar da suka samu ita ce su yi musayar kumbo, bayan kowane ɓangare ya cire daga nasa duk abin da zai iya tona asirin hanyar gida. A ƙarshen shekarun 1950 Ivan Yefremov na Tarayyar Sobiyet ya mayar da martani da labarinsa Cor Serpentis, har ya sa 'yan sama jannatinsa suka zauna suna tattauna labarin Leinster a matsayin tunanin wani tsohon zamani na zargi da gaba. Hujjarsa ita ce, duk al'ummar da ta kai ga tafiya tsakanin taurari dole ta riga ta yar da yaƙi. Kowannensu dai siyasar ƙasarsa ya ɗauka ya kai sama.

Stanislaw Lem na Poland bai yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, domin dukansu sun ɗauka cewa baƙo zai yi tunani irin namu. A Solaris, wanda ya fito a 1961, baƙon wani teku ne da ya lulluɓe duniya guda, masana sun yi shekaru aru-aru suna nazarinsa har sun cika ɗakin karatu da littattafai, amma ba su san ko ya san da zamansu ba. Abin da kawai ya yi shi ne ya tono abin da ke binne a zuciyar kowane mai bincike ya ba shi jiki, sai ga Kelvin, mai binciken da labarin yake bi, ya farka ya ga matarsa da ta mutu tana zaune a ɗakinsa. Abin dariya a nan shi ne, littafin da ke magana kan gazawar fahimta shi ma ya sha wuya a hannun masu fassara, domin bugun Ingilishi na 1970 daga fassarar Faransanci aka juyo shi, kuma sai a 2011 aka samu wanda aka fassara kai tsaye daga harshen asali. 'Yan'uwa biyu na Tarayyar Sobiyet, Arkady da Boris Strugatsky, sun ƙara gishiri a littafinsu Roadside Picnic na 1972: baƙinsu sun sauka sun tafi ba su kula kowa ba, kamar matafiyan da suka ci abinci a bakin hanya suka bar tarkace, mu kuwa tururuwa ne da ke tsintar abin da ba mu san amfaninsa ba.

Wata tambaya da aka daɗe ba a yi ba ita ce, don me kumbon baƙi kullum a Landan ko New York yake sauka? Héctor Germán Oesterheld na Ajantina ya fara El Eternauta a 1957, labari cikin zane wanda a cikinsa wata dusar ƙanƙara mai kisa ta zuba a Buenos Aires, kuma talakawan unguwa ne suka haɗa kai suka tunkari mamayar. Shi kansa Oesterheld sojojin da ke mulkin ƙasar sun sace shi a 1977, bai sake dawowa ba. A 1962 Satyajit Ray na Indiya ya rubuta da harshen Bengali labarin wani malamin makarantar ƙauye da kowa ya raina, wanda shi ne baƙon sama ya yi abota da shi. Nnedi Okorafor kuwa, Ba'amurkiya 'yar asalin Nijeriya wadda ta ce yadda fim ɗin District 9 ya nuna 'yan Nijeriya ne ya tunzura ta, ta sauke baƙinta a tekun Legas a littafin Lagoon na 2014, kuma halittun ruwa suka fara ganawa da su kafin mutane.

Liu Cixin na ƙasar Sin ne ya dawo da tsoron Leinster, amma da nauyin tarihin ƙasarsa. A The Three-Body Problem, wanda aka fara bugawa a mujalla a 2006, wata budurwa mai suna Ye Wenjie ta ga an kashe mahaifinta da duka a bainar jama'a lokacin Juyin Juya Halin Al'adu, wato rikicin siyasar da aka yi a ƙasar Sin a zamanin Mao. Shekaru bayan haka, tana aiki a wani sansanin sirri, sai saƙo ya iso daga wata duniya yana gargaɗin kada a ba da amsa, domin amsawa za ta nuna inda ake. Ta karanta gargaɗin, ta fahimce shi sarai, sannan ta amsa ta ce su zo. Ken Liu ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 2014, a 2015 kuma ya zama littafin farko da aka fassara daga wani harshe da ya ci kyautar Hugo, babbar kyautar da ake ba wa ƙagaggun labaran kimiyya. A bugun littafin na Sinanci an tura babin kisan mahaifin zuwa tsakiya saboda tsaurin batun, sai a fassarar aka mayar da shi shafin farko, inda marubucin ya so ya kasance tun asali.