Zomo mai ƙaho: ga amsa, a bar ni in huta

Tun da hotunan zomayen nan masu baƙin tsiro a fuska suka fito daga jihar Kolorado ta Amurka a Agustan 2025, wayata ba ta huta ba. Don an san ina kiwon zomo a nan Jos, kowa ni yake turo wa. Ga tambayoyin da ake yi mini, ga amsa.

Da gaske akwai zomo mai ƙaho?

Babu.

To wanda aka kafe a bango da ƙahon barewa fa?

Aikin hannu ne. Douglas Herrick da ɗan'uwansa suka fara shi a jihar Wayomin ta Amurka a shekarun 1930. Fatar zomo suka cusa, suka dasa mata ƙaho. Jakalof ake ce masa.

An ce an gan shi a dutsen Shere.

Wa ya gani? Haba jama'a, kowa sai ya ce "an ce".

A ina yake zama, mene ne halinsa?

A tatsuniya dai. Amurkawa sun ce yana kwaikwayon muryar makiyaya in suna waƙa a bakin wuta da dare, da giya ake yaudararsa, kuma ba ya barbara sai ana walƙiya. Jamusawa na da nasu a dazukan Bavariya, har da fukafukai. Takardar izinin farautar Jakalof da ake bayarwa a Wayomin ma ta ranar 31 ga Yuni ce, alhali Yuni kwana 30 ne.

Zomona ya fito da abu mai tauri a kai. In yanka?

Dakata tukuna, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Abin da ke cikin hotunan Kolorado cuta ce da wani likitan Amurka mai bincike, Richard Shope, ya gano a 1933. Kaska da sauro ke yaɗa ta tsakanin zomayen dajin Amurka, kuma ba ta kama mutum. Naka zai fi yiwuwa ƙazwa ce, musamman in ɓawon fari ne, a kunne ko hanci, yana yawan susa. In kumburi ne mai laushi, yana iya zama ƙurji ya tara mugunya. Amma ban da hukunci daga hoto. Ware shi daga sauran, wanke kejin, ka duba ko yana cin abinci. In tsiron ya kai baki ko ido, kada ka kwana. Don Allah kada a sa reza, kada a shafa baƙin mai. Na ga zomon da aka yi wa haka, kunnen ya saɓule. Kai shi wurin likitan dabbobi, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da mu. Batun ci kuwa, shi zai gaya maka, domin in an yi allura akwai kwanakin da ake jira kafin yanka.