Ma'anar "hai-lo" a zaɓen littattafan laburaren firamare

Masu kula da laburaren makarantu da kamfanonin ɗab'i suna da wani suna da suke kiran wani rukunin littattafan yara da shi: hai-lo. An yanko shi ne daga kalmomin Turanci biyu, ɗaya na nufin sama, ɗaya ƙasa. Abin da ke sama shi ne sha'awa, wato batun littafin ya kai shekarun yaron, ya kuma ja hankalinsa. Abin da ke ƙasa shi ne wahalar rubutu: kalmomi sanannu, jimloli gajeru. Ke nan kowane littafin hai-lo yana da shekaru iri biyu, na sha'awa da na karatu. Ana iya yin littafi kan macizai masu dafi wanda batunsa da hotunansa na ɗan shekara 10 ne, amma ɗan shekara 7 zai iya karanta rubutun. Kamfanin Barrington Stoke na ƙasar Sikotilan, wanda aka kafa a 1998, yana bayyana waɗannan shekaru biyu daban-daban ga littattafansa. Ma'aunin Lexile na Amurka, mai ba littafi lamba gwargwadon wahalar rubutunsa, kuma yana sa haruffan HL a gaban lambar irin wannan littafi.

Dalilin yin sa a fili yake. Ɗan aji biyar da karatunsa ya tsaya a matakin aji biyu yana tsaka mai wuya. In aka ba shi littafin sa'o'insa, ba zai gama shafi ba ya gaji. In aka ba shi wanda zai iya, sai ya ga zanen ɗan zomo da manyan haruffa, kunya ta hana shi riƙe shi a gaban abokansa. Sai ya zaɓi barin karatun gaba ɗaya, ya ce ba ya so. A 1986 masanin binciken karatu Keith Stanovich ya yi bayanin abin da ke biyo baya: mai iya karatu yana ƙara karantawa yana ƙara sanin kalmomi, mai rauni yana gudu yana ƙara rauni, tazara tana buɗewa kowace shekara.

Kafin a sayi komai, a raba yara biyu da ake yawan haɗawa wuri guda. Akwai wanda bai iya ba, yana tuntuɓe a kan kalmomi. Akwai wanda ya iya sarai, ƙyuya ce kawai, bai taɓa gamuwa da littafin da ya dame shi ba. Na farko yana buƙatar rubutu mai sauƙi. Na biyu batu yake buƙata, in aka sauƙaƙa masa rubutu da yawa ma raini zai gani. Minti biyu na sauraron yaro yana karatu da murya sun isa a gane wane ne a cikinsu.

Me ya sa littattafan bayani, ba ƙagaggun labarai ba, suka fi yin aiki a nan? Na ɗaya, ba dole a fara daga shafin farko ba. Yaro na iya buɗe tsakiya, ya karanta bayanin da ke ƙasan hoton kada, ya rufe, kuma ya tashi da wani abu a kansa da zai je ya faɗa wa wani. Labari kuwa in ka ɓata a babi na biyu, ka ɓata ke nan. Na biyu, abin da yaro ya riga ya sani yana ɗaukar masa rabin nauyin. A 1988 masu bincike Donna Recht da Lauren Leslie sun ba ɗalibai wani rubutu kan wasan besbol, sai masu raunin karatu da suka san wasan suka fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimta da tunawa. Yaron da ya haddace sunayen 'yan ƙwallo ko ire-iren motoci zai iya kalmar da ma'auni ya ce ta fi ƙarfinsa, don kunnensa ya saba da ita. Duk da haka an daɗe ana tauye wa yara irin wannan rubutu. Binciken da Nell Duke ta wallafa a 2000 ya gano cewa a azuzuwan aji ɗaya da ta duba a Amurka, minti 3.6 kacal ake ba rubutun bayani a rana.

Yanzu ga yadda ake duba littafi a hannu. Kada a tsaya a bango, a buɗe tsakiya.

A fara da jimla. A littafi mai kyau, yawancin jimloli ba sa wuce kalma 10 zuwa 12, kowace tana ɗauke da magana ɗaya. Amma a nan ne marubuta ke yin ɓarna. Don lambar ma'auni ta sauka, sukan datse jimloli su zubar da kalmomin haɗi irin su "saboda", "amma", "don haka". Dubi waɗannan: "Maciji yana kwanciya a rana. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa." Ga kuma: "Maciji yana kwanciya a rana saboda jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa." Ta biyu ta fi tsawo, ma'auni zai ce ta fi wuya, alhali ita ce mai sauƙi, don ta ɗaura wa yaro dalilin. A ta farko shi za a bari ya ƙulla da kansa, kuma abin da yake da rauni a kai ke nan. Ma'aunin Flesch-Kincaid na 1975 tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalma kawai yake ƙirgawa. Lexile yana duba tsawon jimla da yawan aukuwar kalma. Babu wanda yake gane ko bayani ya zauna daidai a cikinsu, kuma ba a ɗaukar lissafin da aka gina kan Turanci a ɗora kan wani harshe.

Sai kalmomin fanni. Littafi kan dutse mai aman wuta ba zai guje wa sababbin kalmomi ba, ba a kuma so ya guje musu, yara na alfahari da sanin babbar kalma. Abin dubawa shi ne kada su wuce biyu ko uku a shafi, a fassara kowace a wurin da ta fara fitowa, a kuma maimaita ta gaba. Jerin ma'anoni a ƙarshen littafi yana da kyau, sai dai yaro mai ƙyuyar karatu ba ya juyawa can.

Tsarin shafi ma haka. Haruffa masu girman maki 12 zuwa 14, tazarar layi kamar ɗaya da rabi, rubutu ya daidaita a gefen da layi yake farawa, a bar ɗaya gefen yadda ya zo. Takarda mai ɗan duhun fari da ba ta ƙyalli ta fi sauƙi ga ido. A guji rubutun da aka ɗora kan hoto mai launuka da yawa. A kuma yi hankali da shafin da aka cika da akwatuna takwas, kibiyoyi ta ko'ina: gwani zai ji daɗinsa, mai rauni bai san inda zai fara ba. Hoto babba ɗaya, sakin layi ɗaya ko biyu, akwati ɗaya na abin mamaki, sun wadatar. Ga manyan 'yan firamare, hoton kyamara ya fi zanen barkwanci, don shi ke nuna littafin ba na ƙanana ba ne. Shafi 24 zuwa 48 ne daidai. Gama littafi har bango babban abu ne ga wanda bai taɓa yi ba.

Gwaji na ƙarshe yaron ne. A ba shi wuri mai kalma 100 ya karanta da murya. In kurakuransa ba su wuce biyar ba, zai iya shi kaɗai. Daga shida zuwa goma, sai da malami a gefe. Sama da goma, ya yi masa nauyi. Ana koya wa yara irin wannan da yatsu: duk kalmar da ta gagara a shafi a ɗaga yatsa, in hannu ya cika a nemi wani. Ƙa'ida ce mai amfani, amma kada ta zama shamaki. Yaron da ya nace kan littafin kifin shak da ya fi ƙarfinsa, a ba shi, a haɗa masa da mai sauƙi kan batu guda.

Littafin bayani yana tsufa, ba kamar labari ba. A duba shekarar bugun farko, ba ta sake bugawa ba, domin wasu kamfanoni bango kawai suke canzawa. Akwai hanyoyin kama tsohon littafi nan take. In ya lissafa duniyoyi tara har da Fuluto, kafin 2006 aka rubuta shi. In taswirar Afirka babu Sudan ta Kudu, bai kai 2011 ba. In ya ce Suwazilan maimakon Eswatini, bai kai 2018 ba. In duk dinoso ɗin cikinsa (dabbobin zamanin da da suka shuɗe) masu fatar ƙadangare ne, babu mai gashin tsuntsu ko ɗaya, bai san abin da aka tono a Sin tun 1996 ba. Littattafan kwamfuta da lafiya da wasanni sun fi saurin lalacewa, bayan shekara biyar a sake duba su. Na dabbobi da tarihi sukan fi daɗewa. Cire tsohon littafi daga kanta yana yi wa masu laburare ciwo, amma kanta mai littafi 30 masu kyau ta fi jan yaro a kan mai 100 da rabinsu sun koɗe.

Wajen saye, a tambayi yara tukuna, a kuma duba rajistar aro a ga abin da ke fita. A tsarin Dewey na jera littattafan laburare da lambobi, wanda ya fara a 1876, wuraren da irin waɗannan yara suka fi tsayawa sanannu ne: 520 sararin samaniya, 567.9 dinoso, 590 dabbobi, 629 motoci da jiragen sama, 796 wasanni. Jerin littattafai masu tsari ɗaya yana da amfani, don wanda ya gama ɗaya ya san yadda na biyu zai kasance. Sai dai kada a sayi jerin duka kafin a gwada biyu ko uku. Littafi mai ɗinki da bango mai tauri ya fi mai gam jure hannun yara, mai gam daga tsakiya yake fara zubar da shafi.

Kuskuren da ke rushe duk wannan aiki shi ne ware wa littattafan hai-lo kanta daban, ko liƙa musu alama mai launi da kowa ya san ma'anarta. Cikin mako guda yara za su gane, kuma babu wanda zai yarda a gan shi a wurin. A jera littafin hai-lo na macizai tare da sauran littattafan macizai, a juyo bangon wasu yana kallon waje. Lambar matakin karatu kuwa a ajiye ta a rajistar mai kula da laburare, ko a rubuta ta da fensir a cikin bangon baya.