Ƙungiyar George Formby ta Makaɗa Ukulele

Ƙungiyar George Formby taro ne na masu sha'awar kaɗa ukulele, wata ƙaramar abar kiɗa mai kama da jita, a Ingila, wanda aka kafa a shekarar 1961, 'yan watanni bayan rasuwar mawaƙin da take ɗauke da sunansa. An haifi Formby a garin Wigan a 1904, ya yi suna a fina-finan barkwanci, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa bin sansanonin sojoji yana nishaɗantar da su. Da ya rasu a ranar 6 ga Maris, 1961, wasu masoyansa suka ga bai kamata salon kiɗansa ya bi shi kabari ba, sai suka yi zamansu na farko a otal ɗin Imperial da ke Blackpool, garin shaƙatawa na bakin teku.

Ita ukulele ƙaramar abar kiɗa ce mai tsirkiya huɗu, wadda ta samo asali a tsibiran Hawai bayan da 'yan ci-rani daga Madeira ta ƙasar Fotugal suka isa can a 1879 da ƙananan jitocinsu. Amma irin wadda aka fi sanin Formby da ita, kuma 'yan ƙungiyar suka fi riƙewa, ita ce banjolele, mai zagayayyen ciki da aka ɗaura wa fata kamar ganga, abin da ke sa muryarta ta fito da kaifi har ta cika zaure. Sunan wannan fata mujallar ƙungiyar ta ɗauka, wato The Vellum. Gwanintar salon tana hannun dama, inda manuniya ke sauka a kan tsirkiyoyi duka, ta dawo, sannan ta taɓi wasu kaɗan cikin sauri, ɗan yatsan hagu kuma yana ɗagawa yana komawa. Abu ne da ba ya koyuwa sosai a takarda, sai an zauna kusa da wanda ya iya, kuma wannan ne ainihin amfanin ƙungiyar.

A manyan tarukan Blackpool akwai al'adar da suke kira thrash, inda duk mai riƙe da ukulele, dattijo ko yaro, gwani ko ɗan koyo, zai fito gaba a kaɗa waƙa ɗaya tare, ba a tambayar kowa matsayinsa. Rassan ƙungiyar a garuruwa dabam-dabam suna yin nasu zaman a tsakanin manyan tarukan.

George Harrison na shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles ya halarci taron Ƙungiyar George Formby a 1991. A watan Afrilun 2018 kuma mambobinta suka hau dandalin Royal Albert Hall a Landan, suka yi kiɗa a bikin cikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu shekara 92 da haihuwa.