Kada a Binne Tsokar da Aka Cire, a Kai Ta Gwaji

Jama'a, idan likita ya cire ƙari daga jikin mutum, ko a mama ne ko a wuya, aiki bai ƙare ba. Da yawa daga cikinmu muna karɓar abin mu je gida mu binne, alhali a cikinsa amsar ciwon take.

Jikin ɗan Adam ginin ƙwayoyin halitta ne, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sun kasu gida 4: masu shimfiɗe a kan fata da cikin hanji, masu riƙe jiki kamar ƙashi da kitse da jini, sai tsoka, sai jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. A jiki mai lafiya suna jere reras kamar tubalin gini. Ciwon daji kuwa yana wargaza wannan jeri, ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tsari, su kutsa inda ba nasu ba. Hannu ba ya tantance wannan, hoto ma sau da yawa zato kawai yake bayarwa.

A ɗakin gwaji ana jiƙa tsokar a ruwan fomalin don kada ta ruɓe, a daskarar da ita cikin kaki, a yanko ta siririya, kaurinta bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 1000 na milimita ba. Sai a ɗora a gilashi a rina: tsakiyar kowace ƙwaya ta yi shuɗi, kewayenta ya yi jaja-jaja. Daga nan ƙwararren likita zai zauna ya duba. Shi ya sa sakamakon yake ɗaukar kwanaki, wani lokaci har makonni, ba wai an manta da ku ba ne. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato duk suna yin wannan gwaji.

Masu cewa in an taɓa ƙari da allura don ɗebo ɗan abin gwaji zai bazu, ku kwantar da hankali. Jinkiri ne yake ba shi damar yaɗuwa. Kuma mafi yawan ƙullutun mama, musamman ga 'yan mata, ba daji ba ne.

In ku aka ba kwalbar da aka sa tsokar a ciki ku kai ɗakin gwaji, kada ku zubar da ruwan fomalin da ke ciki ku sa na famfo, kada ku saka ta a firiza, kada a bar ta a rana. Fomalin guba ne, a nisanta shi da yara. Ku duba sunan mara lafiya a jikin kwalbar da takardar, sannan ku tambayi ranar da za ku dawo karɓar sakamako.