Magungunan rage kumburi bayan karaya: tambayoyi da amsoshi

Wanne ne ya fi kashe raɗaɗi tsakanin ibuprofen, diclofenac da naproxen?

Idan an sha su bisa ƙa'ida, bambancinsu wajen kashe raɗaɗin karaya kaɗan ne, domin aikinsu iri ɗaya ne: suna hana jiki samar da sinadarin prostaglandin, wanda ke haddasa kumburi da zogi. Inda suka sha bamban shi ne daɗewarsu a jiki da kuma illarsu. Babba yana shan ibuprofen miligiram 400 bayan kowane awa 6 zuwa 8, kuma shi ne ya fi sauƙi ga ciki. Naproxen sau biyu ake shansa a rana. Diclofenac, wanda ya cika shagunan kemis a Kano, ya fi su haɗari ga mai ciwon zuciya, kuma bai kamata ya wuce miligiram 150 a rana ba. Piroxicam, wanda aka fi sani da Feldene, yana daɗewa sosai a jini, kuma yana cikin waɗanda suka fi jawo gyambon ciki, saboda haka a ganina bai dace a fara da shi ba.

Shin gaskiya ne suna jinkirta haɗuwar ƙashi?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin kumburin kwanakin farko yana cikin matakan da jiki ke bi ya haɗa ƙashi. Gwaji a kan dabbobi ya nuna jinkiri, amma a jikin mutane damuwar ta fi karkata ga wanda ya shafe makonni yana sha, musamman mai shan taba ko mai ciwon suga. Shan 'yan kwanaki bai nuna yana hana ƙashin yara haɗuwa ba.

Su wane ne ya kamata su guje su?

Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da cikinta ya kai mako 20, da mai shan maganin tsinka jini. Dattawa da masu hawan jini ko asma su fara tuntuɓar likita. Ga waɗannan, farasitamol ya fi aminci, muddin babba bai wuce giram 4 a rana ba. A lokacin bazara ko azumi, sa'ad da ruwan jiki ke raguwa, haɗarin ga ƙoda yana ƙaruwa.

Za a iya haɗa biyu don ciwon ya lafa da wuri?

A'a. Haɗa diclofenac da ibuprofen illa kawai yake ƙarawa, kuma wannan ne ke tayar mini da hankali game da haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda ba tare da suna ba. Ibuprofen da farasitamol kuwa ana iya haɗa su.

Idan an sha magani amma zogin yana ƙaruwa fa?

Kada a ƙara ƙwaya. Idan yatsu suka yi sanyi, suka sage ko suka canza launi bayan ɗori, mai yiwuwa ɗaurin ya matse jijiyoyin jini, kuma jinkirin 'yan awanni kan jawo asarar hannu ko ƙafa. A sassauta ɗaurin, a garzaya Asibitin Ƙashi na Dala ko asibiti mafi kusa nan take.